Idan Ana Cin Zalin Ɗanku a Makaranta, ko Shi Ne Mai Cin Zalin: Matakai 10 da Iyaye Za Su Bi

Tambaya ɗaya ce iyaye suka yi ta aiko mini da ita, kowa da irin yadda ya tsara tasa. Wata uwa ta ce 'yarta mai shekara 13 ta tsiri ciwon ciki kullum da safe idan lokacin makaranta ya yi. Wani uba ya ce an kira shi ofishin shugaban makaranta, wai ɗansa ya addabi wani yaro. Abin da duka suke son sani shi ne da me za su fara, kuma me zai biyo baya.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2019 ya nuna kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya 'yan'uwansa ɗalibai sun ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a cikin wata guda. Yawancin iyaye da zarar sun ji labari sai su nufi makaranta a fusace. Ni shawarata a fara daga gida, domin nan ne kuke da cikakken iko, kuma abin da yaro ya tarar idan ya dawo gida yana da babban tasiri kan ko zai warke ko abin zai zauna masa a rai. Duk inda na ce "yaro" ina nufin namiji da mace.

Abin da za ku tanada

Littafin rubutu guda da ba za a haɗa shi da komai ba, waya mai ɗaukar hoto, takardar dokokin makarantar, da lambar malamin aji. Aikin ya fi cin lokaci a kan kuɗi: minti 15 zuwa 20 kullum na zama da yaron, da yini ɗaya ko biyu da za ku bar aiki ku je makaranta. Kuɗi suna shigowa ne idan abin ya kai ga ganin likita ko canza makaranta.

1. Ku tantance: faɗa ne ko cin zali?

Dan Olweus, masanin da ya shafe shekaru yana nazarin wannan lamari a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe, ya ba da alamu uku: ana yin abin da gangan, ana maimaita shi, kuma wani ya fi ƙarfin wani. Ƙarfin kan iya zama na jiki, ko na yawa, ko na farin jini a aji, ko na kaifin baki. Abokai biyu tsara da suka ɓata kan ƙwallo faɗa suka yi, sulhu zai raba su. Yaron da mutum huɗu suke tarewa a hanya, ko yarinyar da ƙawayenta suka haɗa baki suka mayar da ita saniyar ware, wannan cin zali ne, kuma sulhu ba ya maganinsa. Laƙabin wulaƙanci, yaɗa jita-jita, ƙwace kaya, duk suna ciki.

*Gargaɗi:* idan akwai makami, ko rauni a jiki, ko taɓa yaro ta hanyar lalata, kada ku jira a maimaita. A ranar za ku je makaranta, ku je asibiti in akwai rauni, ku sanar da hukuma.

2. Ku sa ido kan alamu

Ciwon kai ko na ciki da ke ɓacewa ranar hutu. Kaya suna yawan ɓata ko yagewa. Yana dawowa da yunwa, ko yana neman kuɗi fiye da da. Sakamakon jarrabawa ya faɗi. Barci ya lalace. Ya daina ambaton abokin da a da ba ya rabuwa da shi. Yana firgita idan saƙo ya shigo wayarsa. Wani kuma huce haushinsa yake a kan ƙannensa. Alama ɗaya ba ta isa hujja ba, domin balaga ma tana canza yaro. Idan biyu ko uku suka haɗu suka wuce mako guda, ku tafi mataki na 3.

3. Ku buɗe magana

A nan aka fi yin ɓarna, shi ya sa zan ɗan tsaya.

Wasu masana biyu a ƙasar Suwidin, Stattin da Kerr, sun wallafa bincike a 2000 kan 'yan shekara 14. Sun gano cewa yawancin abin da iyaye suka sani game da rayuwar 'ya'yansu, yaran ne suka faɗa musu da bakinsu, bin diddigi da tuhuma kaɗan suke ƙarawa. Ke nan aikinku shi ne ku sa faɗar ta yi wa yaro sauƙi. Yaro yana ɓoyewa saboda kunya, da tsoron a ce ya kai ƙara, da tsoron a ƙwace masa waya, da tsoron babansa ya je ya yi hayaniya a gaban 'yan aji abin ya ƙara lalacewa.

Ku zaɓi lokacin da babu kowa, babu ƙanne, babu baƙi. Ya fi kyau ku kasance kuna wani abu tare, tafiya a ƙafa ko cikin mota ko wani ɗan aikin hannu, domin matashi ya fi sakin baki idan ba a ƙura masa ido ba. Kada ku fara da "Wa yake cin zalinka?" Ku fara daga gefe: "Da wa kake zama lokacin tara?" "A ajinku akwai wanda aka sa wa ido ana tsokana?" "Na ga kwanan nan ba ka da walwala, ɗana, kuma abin yana damuna." Daga nan ku yi shiru. Shirun zai yi muku tsawo, ku daure.

Idan ya fara magana, ku bar shi ya kai ƙarshe. Fuskarku yake karantawa. In ya ga kun harzuƙa ko kun fashe da kuka, zai rage labarin don ya tausaya muku. Abubuwa uku za ku faɗa masa a wannan zama: "Na yarda da kai." "Ba laifinka ba ne." "Ka kyauta da ka faɗa mini." Sai ku tambaye shi me ya riga ya gwada, kuma me yake so a yi. Wanda aka ci zalinsa an ƙwace masa ikon kansa ne, neman ra'ayinsa yana fara mayar masa da shi.

In ya ce babu komai, ku ƙyale shi da "To, duk lokacin da kake so, ina nan." Bayan kwana biyu ku sake gwadawa. Wani yaron ya fi sakewa da yayarsa ko kawunsa ko kakarsa. Kada ku ji haushin haka, ku nemi taimakonsu.

*Gargaɗi:* ku guji "Kai me ka yi musu?", "Kai ba namiji ba ne?", "Share su kawai," da "Mu ma an yi mana, ga shi ba mu mutu ba." Kowace ɗaya tana rufe bakin yaro na watanni. Kuma kada ku yi alkawarin ɓoye sirrin, domin ba za ku iya cikawa ba. Alkawarin da za ku iya cikawa shi ne: "Ba zan ɗauki wani mataki ba sai na faɗa maka tukuna."

4. Ku rubuta komai

A daren ranar, ku buɗe littafin: kwanan wata, wuri, abin da aka yi ko aka faɗa kalma da kalma, su wa suka yi, su wa suka gani. Ku ɗauki hoton rauni da kayan da aka lalata. Ku ci gaba da haka duk lokacin da wani abu ya faru. Malami yana iya kawar da kai daga "ana damun ɗana", amma da wuya ya kawar da kai daga shafi mai ɗauke da ranaku shida.

5. Ku duba cikin gidanku

Wannan shi ne matakin da iyaye suka fi son tsallakewa. Ba ina cewa ku kuka jawo ba. Mai laifi shi ne wanda ya ci zalin, kuma yaran da suka fito daga gidajen kirki ma ana cin zalinsu. Amma a 2013 masana a Jami'ar Warwick ta Ingila sun tattara bincike 70 da suka shafi yara sama da 200,000, suka ga cewa tsanani da wulaƙanci da sakaci a gida suna ƙara yiwuwar a ci zalin yaro, yayin da ƙauna a fili, hira, da sa ido cikin hankali suke rage ta. Wani bincike na 2010 kan tagwaye sama da 1,000 a Birtaniya ya fi wannan taɓa ni: a cikin tagwaye masu kama ɗaya da aka ci zalinsu duka biyu, wanda ya fi samun tausasawa daga mahaifiyarsa ya fi ɗan'uwansa ƙarancin matsalar ɗabi'a. Jini ɗaya, gida ɗaya, bambancin yana ga yadda aka riƙe kowanne.

Ku zauna, uwa da uba, ko duk wanda yake riƙon yaron, ku duba waɗannan.

Na farko, yadda ake horo. Idan duka da zagi su ne hanyar gyara a gidan, yaro yana koyon abu biyu: babba yana da ikon cutar da ƙarami, kuma wanda aka cuta shiru yake yi. Wani ya ɗauki darasin farko ya zama mai cin zali, wani ya ɗauki na biyu ya zama wanda ake cin zalinsa. Wani babban nazari na 2016 kan yara sama da 160,000 ya danganta duka da ƙaruwar faɗa da taurin kai. Ku maye gurbinsa da dokoki kaɗan, uku zuwa biyar, waɗanda yaro ya san dalilinsu ya kuma san hukuncin karya su tun kafin ya karya: rage lokacin waya, hana fita na yini, biyan abin da ya lalata. Sai ku tsaya a kan hukuncin ba tare da tsawa ba. Makonnin farko zai gwada ku, kada ku janye.

Na biyu, 'yan'uwa. Abin da ake kira wasan yara tsakanin wa da ƙane wani lokaci cin zali ne tsagwaronsa. Binciken da aka wallafa a 2014 a Ingila ya nuna 'yan shekara 12 da 'yan'uwansu ke muzguna musu sau da yawa a mako sun kusa ninka sauran wajen fama da ciwon damuwa da cutar da kansu a shekara 18. Yaron da ake cin zalinsa a makaranta a kuma ci zalinsa a gida, ina zai huta? Ku hana laƙabin wulaƙanci a gidan gaba ɗaya, har wanda manya suke kiran yara da shi. Ku daina gwada wannan da wancan.

Na uku, faɗan iyaye. Saɓani ba ya ƙarewa tsakanin ma'aurata, amma zagi da gori a gaban yara ana iya dainawa. Idan kun rabu, kada a mayar da yaro ɗan aike ko alƙali, kuma ku sanar da juna halin da yake ciki.

Na huɗu ya kan ba mutane mamaki: kāriya da ta yi yawa. Wancan nazari na Warwick ya same ta cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin. Yaron da ake amsa masa tambaya, ake zaɓar masa aboki, ake shiga kowane ƙaramin saɓaninsa, yana isa makaranta bai taɓa cewa "a'a" da bakinsa ba. Ku bar shi ya yi muku gardama cikin ladabi, ya zaɓi wasu abubuwan da kansa, ya warware ƙananan rigingimunsa.

Sai kuma ku kafa lokacin nan na minti 15 kullum, ba wa'azi, ba tambayar jarrabawa. Iyaye maza, da ku nake musamman: kada ku bar wa uwa wannan ita kaɗai.

*Gargaɗi:* kada ku canza komai a dare ɗaya, yaro zai tsargu. Ku ɗauki abu ɗaya, wanda ya fi muni, ku fara da shi.

6. Ku shirya shi don gobe da safe

Kafin makaranta ta ɗauki mataki, yaro zai koma aji. Ku gwada da shi a ɗaki: ya tsaya a miƙe, ya ɗaga kai, ya faɗi gajeriyar magana da murya a daidaice, kamar "Ka daina," ya juya ya nufi inda mutane suke. Ku zama ku ne mai tsokanar, ku maimaita har bakinsa ya saba. Ku lissafa wuraren da abin ya fi faruwa, bayan ajujuwa, banɗaki, hanyar gida, ku tsara yadda ba zai bi su shi kaɗai ba. Ya zaɓi babba ɗaya a makarantar da zai gudu wurinsa.

Aboki ɗaya na gaskiya kāriya ce babba. A Kanada an ɗauki bidiyon filin wasan makarantun firamare, aka ga idan wani yaro ya sa baki, cin zalin yana tsayawa cikin daƙiƙa 10 a kashi 57 cikin 100 na lokutan. Ku buɗe ƙofar gidanku ga abokansa. In ba shi da kowa a aji, ku sa shi wani abu a waje, wasanni ko koyon sana'a, inda zai haɗu da waɗanda ba su san shi da laƙabin ba.

*Gargaɗi:* kada ku ce "ka rama." An zaɓe shi ne don an fi ƙarfinsa, ramuwa takan jawo masa rauni ko kora. Kare kai don ya kuɓuta ya gudu daban ne, wannan haƙƙinsa ne.

7. Ku je makaranta

Ku faɗa wa yaron kafin ku je. Ku nemi a ba ku lokaci, kada ku faɗa ofis ba sanarwa. Ku fara da malamin aji, da littafinku da takardar dokoki a hannu. Ku karanta abin da kuka rubuta cikin natsuwa, sannan ku nemi amsar tambaya uku: me za a yi, wa zai yi, yaushe za mu sake zama? Mako ɗaya zuwa biyu ya isa. Ku roƙi a ƙara sa ido lokacin tara da lokacin tashi, a kuma kiyaye kada a gane yaronku ne ya kawo maganar. Nazarin masana Ttofi da Farrington na 2011 ya nuna shirye-shiryen makarantu na yaƙi da cin zali suna rage shi da kashi 20 zuwa 23 cikin 100, kuma zama da iyaye da sa ido a filin wasa suna cikin abubuwan da suka fi tasiri. Don haka abin da kuke nema ba alfarma ba ce.

Bayan zaman, ku aika gajeren saƙo a rubuce mai ɗauke da abin da aka amince. In lokacin ya cika ba canji, ku hau zuwa shugaban makaranta, daga nan hukumar da ke kula da makarantar.

*Gargaɗi:* kada ku tare yaron da ya yi laifin da kanku, kada ku je gidansu cikin fushi, kada ku sa sunansa a intanet. Kuma kada ku yarda a tsayar da su biyu a ce su ba juna hannu a wuce wurin. Wanda ake tsoro zai yi murmushi a ofis, ya jira a waje.

8. Idan abin ya shiga waya

Tsarin shi ne: a ɗauki hoton saƙon tare da suna da kwanan wata, a kai rahoto ga manhajar, sannan a toshe mai turowa. In aka fara toshewa, shaida tana iya ɓacewa. Kada yaro ya mayar da martani. Facebook, Instagram da TikTok duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi. Da dare waya ta kwana a wajen ɗakin barci, ta kowa da kowa har taku, domin matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10.

*Gargaɗi:* kada ku ƙwace wayar a matsayin magani. A wurinsa hukunci ne kan ya faɗi gaskiya, gobe ba zai faɗa ba. In kuwa hoton tsiraici ne ake yi masa barazana da shi, kada ku biya ko sisi, kada ku tura hoton ga kowa, ku adana saƙonnin barazanar ku kai wa 'yan sanda.

9. Idan ɗanku ne mai cin zalin

Zuciya za ta ce ku musanta, ko ku kama shi da duka. Duka biyun suna ƙara lalata shi. Ku saurari makaranta har ƙarshe, ku nemi bayani dalla-dalla, sannan ku ji ta bakinsa a keɓe. Zai ce wasa ne. Ku tambaye shi: "Shi wancan yaron dariya yake yi?" Ku kira abin da sunansa, ku soki aikin ba tare da kun kira shi mugu ba. Hukuncin ya haɗa da gyara ɓarna: mayar da abin da ya ƙwace, goge abin da ya wallafa, ba da haƙuri idan wanda aka cuta yana son ji. Ku binciki su wa yake yawo da su, domin da yawa suna yi ne don 'yan kallo su yaba musu. Ku tambaye shi ko shi ma wani yana cin zalinsa. Yaran da suke cin zali ake kuma cin zalinsu su ne suka fi shiga matsala daga baya, kuma su ne suka fi fitowa daga gidajen da ake tsanani. Mataki na 5 naku ne kafin kowa. Ku nemi malamin aji ya riƙa ba ku rahoto duk mako, ku yaba wa yaron a fili idan ya gyara.

10. Bibiya, da lokacin ganin likita

Ku ci gaba da tambaya sau ɗaya a mako har zangon karatu ya ƙare, ko da an ce komai ya wuce, domin cin zali yakan lafa ya dawo da wata siga. Wani bincike da ya bi mutane sama da 7,000 da aka haifa a Birtaniya a 1958 ya tarar da tasirinsa a lafiyarsu da zamantakewarsu har sun kai shekara 50, don haka kada a bar wa lokaci shi kaɗai.

Idan baƙin ciki, rashin barci, ƙin abinci ko ƙin makaranta suka wuce mako biyu, ku kai shi wurin likita ko masanin halayyar ɗan Adam, ku tafi da littafin. In kuka ga yanka a jikinsa, ko ya ce gara ya mutu, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa yaro tunanin, hanya take ba shi ya yi magana. Ku kawar da magunguna, guba da makamai, kada a bar shi shi kaɗai, ku je asibiti a ranar.

Canza makaranta shi ne zaɓin ƙarshe, idan hukumar makarantar ta ƙi motsi ko lafiyar yaron tana cikin haɗari. Ku yi shawara da shi kafin ku yanke, ku sanar da sabon malamin aji abin da ya faru a sirrance, ku kuma nemi zama da shi bayan mako biyu da fara zuwa.